Mariƙin batir na kyamara: a saya ko a bari?

Masu ɗaukar hoto sun yi ta ja-in-ja a kan mariƙin nan da ake ɗaurawa a gindin kyamara, mai ɗaukar batir biyu. Ga inda shawarwarinsu suka karkata.

Masu hoton biki ne suka fi yaba masa, kuma ba don batir kaɗai ba. Mariƙin yana da nasa maɓallin ɗauka, saboda haka idan ka juya kyamara a tsaye don ɗaukar amarya daga kai har ƙafa, ba sai ka murɗe wuyan hannu gwiwar hannunka na sama ba. Wanda ya wuni yana ɗaukar kamu da dina ya san wannan ciwon. Idan gilashin kyamarar dogo ne mai nauyi, mariƙin yana daidaita ta a hannu. Wasu nau'o'in mariƙin ma suna karɓar ƙananan batir na AA guda 6, abin da ke ceton mutum inda wuta ba ta zama. A kyamarar Nikon D850 kuwa, mariƙin MB-D18 da babban batirinsa yana ƙara saurin ɗauka daga hoto 7 zuwa 9 a daƙiƙa.

Masu suka sun ce nauyi ne kawai, jaka ma ta ƙi rufuwa. Batir na biyu a aljihu ya fi araha nesa ba kusa ba, canza shi kuma ba ya cin lokaci. A ganina suna da gaskiya, in dai hoton naka na yawo ne da na gida.

An kuma ja kunne kan jabu masu arha: wasu suna zuƙe batir ko da kyamara na kashe.