Neman shawara: Ina son tsayawa takarar Sakatariyar ƙungiyarmu, amma an ce malamina yana da nasa ɗan takarar

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Don Allah a sakaya sunana, domin wasu daga cikin waɗanda maganar ta shafa suna cikin zauren nan.

Ina koyarwa a wata jami'ar tarayya a Arewa maso Yamma, ina matakin Lakcara na Ɗaya, shekara huɗu ke nan da gama digirina na uku. Ƙungiyar masana fanninmu ta ƙasa za ta yi taron shekara a kudu nan da wata uku, kuma bana wa'adin shugabanni ke cika. Bisa karɓa-karɓar da aka saba, kujerar Sakatare ta faɗo shiyyarmu. Abokan aiki matasa sun matsa min lamba in fito, ni ma kuma raina yana so, ba zan yi muku ƙarya ba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mujallar ƙungiya. Shekara biyu ba ta fito ba. Maƙalata na ciki, an karɓa, na biya kuɗin bugawa, amma har yau takardar karɓa kawai ke hannuna, ta fara yin ja a cikin fayil. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ka kira wannan ya tura ka wajen wancan.

To ga inda gizo ke saƙa. Farfesan da ya duba min aikin digiri na uku, wanda nake shiga gidansa kamar gidan mahaifina, na ji a bakin mutane wai yana mara wa wani Dakta baya, shi ma ɗalibinsa ne kuma ya girme ni a aiki. Bai ce min komai ba, ni ma ban ce masa ba. Ga shi baɗi nake sa ran miƙa takardun ƙarin girma zuwa Babbar Lakcara, maƙala biyu suka rage min. Yara uku gare ni, ƙaramar ban yaye ta ba. Maigida ya ce shi bai hana ba, amma matan zauren nan sun san irin wannan "ban hana ba" ɗin.

In fito ko in haƙura?

Tsohon Ma'aji:

Wa'alaikumus salam Dakta. Na riƙe jakar wata ƙungiya irin taku shekara huɗu, bari in fara da tambayar da ba ta da daɗi. Kin karanta kundin tsarin mulkin ƙungiyar kuwa? Na takarda nake nufi, wanda aka buga, don wanda ake faɗa da baki a wajen shan shayi kowa da nasa. Nemo shi yau. Wasu ƙungiyoyin sun rubuta cewa Shugaba da Sakatare sai daga Babban Lakcara zuwa sama. Wasu sun ce sai wanda ya halarci taro kaza a jere. Sannan ki duba wa ke da ƙuri'a. A mafi yawansu wanda ba a bin sa bashin kuɗin shekara shi kaɗai ke zaɓe, kuma sai yana cikin zauren da jikinsa.

Na ga wannan da idona. Wani bawan Allah ya cika bas guda da magoya baya, suka kwana a hanya. Aka zo babban taron mambobi, ranar ƙarshe bayan la'asar, lokacin rabin jama'a sun riga sun karɓi jakar taro da takardar shaida sun nufi tasha. Shugaban kwamitin zaɓe ya gyara tabarau, ya buɗe littafina, ya ce duk wanda bai ji sunansa ba ya koma kujerun baya. Mutanen bas ɗin nan, in ka cire huɗu, duk baya suka koma. Kuɗin rajistar taro suka biya suna zaton shi ne kuɗin shekara. Shi kansa ɗan takarar ana bin sa na shekara biyu. Har yau in mun haɗu da ƙyar yake amsa min sallama, alhali ni littafi kawai na riƙe.

Matasan nan da ke zuga ki, ki ce kowa ya turo miki hoton rasit ɗinsa, nan za ki san mutanenki nawa ne. Ki kuma tambaye su wa zai je. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kin san yadda kuɗin mota zuwa kudu ya koma, TETFund kuma, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba kowa take ɗaukar nauyinsa zuwa taro ba.

Ɗan Samaru:

Malama ki haƙura kawai. Ɗauko ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku ki ga maki nawa aka ba hidimar ƙungiya, ki ga nawa aka ba maƙala guda a mujalla mai daraja. Ranar da kwamiti zai zauna a kan fayil ɗinki ba mai tambayar wasiƙa nawa kika rubuta. Sakatare shi ne jakin ƙungiya. Shi ke bin shugabannin jami'o'i yana roƙon su karɓi baƙuncin taro, shi ake zagi a WhatsApp in abinci bai isa ba, sannan Shugaba ya sa babbar riga ya karanta jawabin da kika rubuta ƙarfe biyun dare, a tafa masa. Ki zama Babbar Lakcara tukuna, kujera ba guduwa za ta yi ba.

Hajiya Farfesa:

Ɗan Samaru, kujerar karɓa-karɓa gudu take yi. Shiyya shida ce, kafin ta zagayo ƙila jaririyar nan ta shiga sakandare.

'Yata, sun faɗa miki gaskiya amma sun tsallake babbar maganar. Kada ki kuskura malaminki ya ji labarin takararki a bakin wani. Ki je har gida, kada ki tare shi a ofis, kada ki yi ta waya. Ki fara shiga wajen Hajiyarsa ku gaisa, ki ba ta jikarta ta ɗauka. In ya fito ki ce, "Baba, yara sun zo min da wata magana, na ce ba zan amsa musu ba sai na ji ta bakinka." Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana.

Kin ce "na ji a bakin mutane". Ni a shekarun da na yi a harkar nan na sha jin an ce ina goyon bayan mutumin da ko sunansa ban iya tunawa ba. Ɗan takara ya zo ya gaishe ka, ka ce Allah ya ba da sa'a, kafin ya isa tasha ya baza cewa ka ɗaga hannunsa. In kuma da gaske ne ya riga ya yi alkawari, zai faɗa miki, sai ki auna. Ba cewa na yi dole ki janye ba. Amma ki tuna fanninku ƙaramin gari ne. Ranar da za a aika takardunki waje don matakin Mataimakiyar Farfesa, masu tantancewar daga cikin dattawan da ke layin gaba a zauren taronku za a ɗauko su. Wanda ya faɗi zaɓe da mutunci ba ya asarar komai a wajensu, amma raini ba sa mantawa.

Maganar maigida kuwa, "ban hana ba" ba ta isa ba. Ki zauna da shi da kalanda a hannu, ki nuna masa sau nawa majalisar zartarwa ke zama a shekara, kwana nawa za ki yi a waje, wa zai kai yara makaranta. Lokacin da na yi Mataimakiyar Shugaba, da goyo na je wani zama a Inugu, na tafi da ƙanwar mijina ta zauna da yaron a ɗakin otal, duk bayan awa biyu in sulale in ba shi nono in dawo a ci gaba da gardamar kasafi. Kuɗin motarta daga aljihuna ya fita, ba wanda ya mayar min. Yanzu ku kun samu sauƙi, rabin zaman ta intanet ake yi.

Malamin Tarihi:

Ranki ya daɗe Hajiya, a yi min izini in ɗan karkata. Dakta ta ce mujalla ce damuwarta. To Sakatare ne ke fitar da mujalla? A ƙungiyoyin da na sani aikin Babban Edita ne da kwamitinsa, kuɗin bugawa kuma sai Shugaba da Ma'aji sun sa hannu. Kina iya cin zaɓen nan ki tarar ke ma kira kawai za ki riƙa yi ana ƙin ɗauka, sai dai yanzu ke za a riƙa zagi. Ki bincika inda abin ya maƙale. Masu tantance maƙaloli ne suka riƙe, ko kuɗin da kuka biya ne aka yi hidimar taro da shi, ko maɗaba'a ce ke bin bashi? Kowanne da kujerar da ke maganinsa.

Kuma ina tare da ke cewa abin ya isa a yi faɗa a kansa. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda su Kenneth Dike suka kafa a Ibadan a 1955, ta fara fitar da mujallarta a 1956. Ɗalibaina ba su san wa ya yi Sakatare a shekarun nan ba, amma har gobe ina tura su ɗakin karatu su nemo maƙalolin da ke ciki.

Kwamared:

Ni abin da ba na so shi ne wannan al'ada ta "dattawa sun zauna sun yi maslaha". A kira ku ɗakin otal da daddare, a ce wane ya janye wa wane, da safe a karanto sunaye a ce ba hamayya. In haka ne me ya sa muke biyan kuɗin fom? Dakta ki gaida malaminki, wannan tarbiyya ce, amma ki sayi fom. Attahiru Jega yana da shekara 31 ya karɓi shugabancin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 1988, bai zama farfesa ba a lokacin, ya riƙe har 1994 a ƙarƙashin mulkin soja. Daga yarjejeniyar 1992 aka samu harajin ilimi na 1993, asusun da ya rikiɗe ya zama TETFund a 2011, wadda yau muke bin layin neman kuɗin taro a wajenta. Da ya ce sai ya gama ƙarin girma fa?

Ɗan Samaru:

Kwamared ka zo da taka. ASUU ƙungiyar ƙwadago ce mai yajin aiki, wannan kuwa taron karanta maƙala ne da rabon jaka. Kada ka sa wa baiwar Allah rigar da ba tata ba.

Malam Na Fatakwal:

Ƙarin bayani kaɗan daga mu da ke koyarwa a kudu. Ko da kujera ta shiyyarku ce, duk zauren ne ke jefa ƙuri'a, kuma inda aka yi taro mutanen nan ne suka fi yawa, tunda su ba sa biyan kuɗin mota mai nisa. Wa ya san ki a cikinsu? Fom yana buƙatar mai gabatarwa da mai mara baya, ki nemi ɗaya daga wata shiyyar. Ki gabatar da maƙala a ranar farko don a ga fuskarki a ji muryarki. In an ba ku minti uku na jawabi kada ki ɓata su wajen jero digirori, kowa a wurin yana da su. Ki ce mujalla ta yi shekara biyu ba ta fito ba, ga watan da za ta fito in an zaɓe ni. Duk wanda maƙalarsa ke ciki zai ɗago kai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo da rahoto.

Na samo kundin, da ƙyar, wajen wani tsohon jami'in ƙungiya, hoton shafuka ya turo min. Baba Ma'aji kamar ka gani: Sakatare sai Babban Lakcara. Maganar ta mutu tun a nan. Edita kuma majalisar zartarwa ke naɗa shi, ba zaɓensa ake yi ba. Amma Mataimakin Sakatare yana cikin majalisar, babu sharaɗin matsayi, kuma kujerar ba ta cikin karɓa-karɓa, ke nan da duk ƙasa zan kara.

Ranar Asabar na je gidan Farfesa kamar yadda Hajiya ta ce. Na tarar da shi a tsakar gida yana ba tantabaru dawa. Da na gama bayani ya yi dariya har da tari, ya ce shi wancan Daktan ya zo gaisuwa ne ya yi masa addu'a, kamar yadda zai yi min yanzu. Sai ya tambaye ni ko na san nawa maɗaba'a ke bin ƙungiya. Na ce ban sani ba. Ya ce in je in sani kafin in tsaya gaban mutane ina yi musu alkawarin watan da mujalla za ta fito. Bai ce in fito ba, bai ce kada in fito ba, amma da zan tafi ya ce in kawo fom ɗin ya gani.

Maganar rasit kuwa, cikin mutum goma sha tara da ke ce min "muna bayanki", bakwai suka turo. Da na duba nawa sai na ga ni ma ban biya na bara ba.

Tsohon Ma'aji:

Ki biya gobe, ta banki, cikin asusun ƙungiya, kada ki tura wa kowa a nasa asusun ko da Ma'ajin ne da kansa. Ki sa sunanki yadda yake a rajista, don in kin yi rajista da sunan mahaifi kika biya da na miji, ranar zaɓe za a ce mutum biyu ne.

Ɗan Samaru:

Maƙala biyun fa, Malama?

Mai tambaya:

Ɗaya tana wajen masu tantancewa. Ɗayar tana cikin kwamfuta tun azumi, shafi shida na rubuta.