Wai tteok ɗin nan na Koriya yana gina jiki kuwa, ko ƙiba kawai yake sa wa?

Ƙanwar_Gida:
Salamu alaikum jama'a. Wata biyar kenan ina karatu a Koriya ta Kudu, kuma tun zuwana na kamu da son tteok, curin shinkafar nan tasu mai danƙo da ake turarawa. Da na ga babu mai a ciki sai na daina cin shinkafa da daddare na koma kanshi wai in rage tumbi, amma wallahi siket ɗina sai ƙara matse ni yake. Dan Allah me ke cikinsa ne?

Yaya_Babba:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ai gudun gara kika yi kika faɗa gidan zago. Tteok shinkafa ce aka niƙa aka turara aka matse ta, kusan duk sitaci ne, furotin kaɗan, harza kusan babu tunda yawanci farar shinkafa ce. Giram 100 na garaetteok, dogon farin nan, ya haura kalori 200, dafaffiyar shinkafa mai nauyi ɗaya kuwa ba ta kai haka ba don ta fi shi ruwa, shi ya sa za ki ci guda uku huɗu kina hira ki ga kamar ba ki ci komai ba alhali kin tashi da kwano guda.

Maman_Biyu:
Gaskiya tteok iri-iri ne, ba duka suka zama ɗaya ba fa. Injeolmi ana birkiɗa shi cikin garin waken soya da aka gasa, songpyeon da suke yi lokacin Chuseok, bikinsu na girbi, kuma ana cusa masa riɗi ko wake, to waɗannan da ɗan abin kirki a ciki, sai dai riɗin da zuma ko suga ake kwaɓa shi. Tteokguk, farfesun tteok na sabuwar shekararsu, shi ma akwai romon nama da ƙwai. Wanda ni nake tsoro shi ne tteokbokki, tteok ɗin da ake dafawa cikin jar miyar gochujang, wato kwaɓin barkononsu, miyar nan gishiri ne da suga fal. Mai ciwon suga dai ya yi a hankali, yana ɗaga sugan jini da wuri.

Ƙanwar_Gida:
Kai Anti kin taɓo ni, tteokbokkin ne fa nake ci kusan kullum 😭

Yaya_Babba:
To ki rage shi ya dawo rabi, ki sa dafaffen ƙwai da kabeji da yawa. Kuma ki riƙa duba jikin leda, wani tteok ɗin na alkama ne, miltteok suke ce masa, na shinkafa shi ne ssaltteok.