Tsabar azurfa mai hoton zaki: in wanke ta ko in bar ta?

Aminu, Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. Na daɗe ina tara tsofaffin kuɗi, kwabo mai huji, anini, da liyari biyu da na gada wajen kakata. Baffana ya dawo Umara ya kawo mini wata tsabar azurfa da ya saya a Jidda. Gefe guda zaki ne tsaye da ƙafafun baya, an buga 1648, ɗaya gefen mayaƙi ne cikin sulke da garkuwa a gabansa. Ta yi baƙi, bakinta kuma a karkace. Wani maƙerin fari ya ce in kawo ya goge mini da toka da lemon tsami. In ba shi?

Malam Lawal, Daura: Wa alaikumus salam. Don Allah ƙanena kada ka ba shi! Baƙin nan shi masu saye ke nema, da zarar an goge darajarta ta faɗi, ba ta dawowa. Abin da ka kwatanta dalar zaki ce ta ƙasar Holan. A 1575 aka fara buga ta, lokacin da suke yaƙi da Sifaniya, kuma ta yi yawo sosai a kasuwannin daular Usmaniyya, shi ya sa ban yi mamakin ganinta a Jidda ba. Karkacewar bakin kada ta dame ka, da guduma ake bugawa a lokacin. Duba rubutun gefen mayaƙin, ƙarshensa ke nuna lardin da ya buga: HOL na Holland, WEST na West Friesland, GEL na Gelderland ko TRA na Utrecht.

Hajiya Binta, Ƙofar Kaura: Aminu, ka kai ta wurin masu gwal su ɗora a sikeli. Ta gaske tana kusan giram 27 da rabi, kashi 75 cikin ɗari azurfa. Jabu sun yi yawa, tun a wancan zamanin ma ana yin su.

Aminu: Na auna, Hajiya, giram 26.9. Rubutun kuma GEL.

Malam Lawal: Gelderland ke nan. Cuɗanya da hannaye tana rage nauyi kaɗan, wannan bai tayar mini da hankali ba. Ka turo hoton gefe biyu cikin hasken rana. Kafin nan sa ta cikin takarda mai tsabta ita kaɗai, kada ta gogu da liyarin Iya, kuma ta baki kawai za ka riƙa kama ta.