Kamfanoni biyu na kai saƙo da keke sun kira ni, wanne zan zaɓa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Zan fara aikin kai saƙo da keke, takardu da ƙananan kaya daga ofis zuwa ofis. Kamfani na farko a kan kowane saƙo suke biya, kuma kuɗin da tsoka, amma da kekena zan yi aiki. Na biyu kuɗin awa suke bayarwa, bai kai wancan ba, keke kuma nasu ne. Raina ya fi kwanciya da na farko. Yayyena da kuka daɗe a harkar, me zan duba kafin in sa hannu?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada kuɗin saƙo ɗaya ya ruɗe ka. Tambayar ita ce saƙo nawa zai zo hannunka a rana, wannan kuwa yana hannun mai rarraba aiki. Idan mai adalci ne, zai haɗa maka saƙonni uku da suka nufi shiyya ɗaya, ka kai su a fita guda. Idan yana da 'yan lele, su zai ba na kusa, kai ya jefa ka can ƙarshen gari da takarda ɗaya, ka dawo hannu wofi, gumi naka, kuɗi nasu. Na yi aiki da irin duka biyun.

Ka je inda masu kekensu suke zaman jiran aiki, ba ofis ba. Ka tambaye su tun yaushe suke nan. In kowa sabo ne, akwai abin da ya kori na da. Ka kuma tambaya ko ana biyan lokacin jira, don za ka iya tsayawa a bakin ƙofa rabin awa kana jiran mai sa hannu. Sannan kamfanin da ke biya a kan saƙo ba ya asarar komai idan ya ɗebi mutane fiye da aikin da ke akwai, ku ne za ku raba ɗan abin da ya samu.

Mai Jakar Baya:
Ni takardar nake so ka karanta da kyau. Ma'aikaci suka ɗauke ka, ko ɗan kwangila mai cin gashin kansa? A nan ne kuɗin hutu da na rashin lafiya suke maƙale. A 2017 wata kotun ma'aikata a Landan ta yanke cewa wata mai kai saƙo da keke a kamfanin CitySprint ta cancanci kuɗin hutu, duk da takardarta ta kira ta mai zaman kanta. A 2021 kuma Sifaniya ta kafa dokar da ke ɗaukar masu kai saƙo na manhajoji a matsayin ma'aikata. Ka bincika abin da dokar ƙasarku ta tanada.

Birki:
Ɗan'uwa, taya da sarƙa da robar birki suna cinyewa da wuri in kana hawa wuni guda. Cire kuɗinsu daga na farkon kafin ka kwatanta. Ka tambaye su kai tsaye: in mota ta buge ni, wa zai biya asibiti? In kayan mutane suka lalace a ruwan sama, daga kuɗina za a cire? Wanda ya yi ta kame-kame wajen amsa, ka bar shi.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je wurin masu keken na farko in ji daga bakinsu. Yaya Tsohon Hannu, idan mai rarraba aikin manhaja ce ba mutum ba, ta yaya zan gane ko rabon da adalci?