Anza ce ko hanza, kuma shin tana ƙarewa ne?

Dan_Illela:
Salam jama'a. Don Allah masana itatuwa ku taimaka, wannan anza da ake jiƙa 'ya'yanta a ci, dangin wane icce ce, kuma ina da ina take fitowa? Ina tambaya ne saboda a wajenmu da ko'ina ka juya bayan gari za ka ganta amma yanzu sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga gindi ɗaya, shine nake tunanin ko tana cikin itatuwan da ake cewa za su ɓace.

Malam_Gandu:
Wa alaikassalam. Anza da hanza duk abu ɗaya ne, bambancin lafazi ne kawai. Sunanta a kimiyyance Boscia senegalensis, tana cikin dangin Capparaceae, wato 'yar'uwar jiga ce da bagayi da zure. Tana fitowa tun daga Muritaniya da Senegal, ta bi Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi, Sudan har Habasha. Inda ruwan sama ke ƙaranci nan take so, kan dutse, fako, gefen suri, kuma ganyenta kore shar ko da tsakiyar bazara. A lissafin IUCN, wato ƙungiyar kare halittu ta duniya, tana rukunin waɗanda babu fargaba a kansu, don yankinta na da faɗi sosai.

Hajiya_Damagaram:
Malam na yarda da bayaninka amma wannan lissafin na duniya ne baki ɗaya, ba ya gaya maka abin da ke faruwa a ƙauye ɗaya. Abin da ɗan'uwa ya gani gaskiya ne. Ana sassabe a tumbuke ta da saiwa, mata su sare don girki tunda icce ya yi wuya, ita kuma ba ta girma da sauri ko kaɗan. Wallahi abin na damuna don wannan iccen ya ceci rayuka, a yunwar 2005 nan Nijar gidaje da yawa da dilo, wato 'ya'yan anza da aka jiƙa, suka rayu, haka mutanen Darfur da Kordofan a 1984 da 1985, su suna ce mata mukhet. Aiki ne ba ƙarami ba, ka ɓare 'ya'yan ka shanya sannan ka jiƙa kwana da kwanaki kana zubar da ruwan kana sake wani har ɗacin ya fita, in ka yi gaggawa ka ci zai iya yi maka illa saboda akwai guba a ciki. Bayan nan ka dafa kamar wake ko ka niƙa gari. Yanzu ma a Damagaram ana sarrafa ta ana sayarwa a leda, to in itacen ya ƙare a kusa matan da ke tsinkowa ina za su nufa?

Dan_Illela:
Allah ya saka Hajiya. To ana iya shuka ta?

Malam_Gandu:
Ana iyawa, sai dai irin ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya daɗe ba zai tsiro ba, don haka da zarar 'ya'yan sun nuna sun yi ɗorawa wajen farkon damina sai a shuka nan take. Amma mafi sauƙi shine sassaben zamani irin na mutanen Maradi, ka bar kututturen da ke gonarka ya sake toho ka sare sauran rassan ka bar masa biyu zuwa uku masu ƙarfi. Ganyen ma ana sa shi a rumbu yana korar ƙwarin wake.