Me ya sa Turawa suka bar zane mai kama suka koma jagwalgwalo?

Ɗan Aboabo:
Salam jama'a. Ni mai rubuta allon shago ne da fentin bayan mota, ƙanwata kuma tana karatun zane a jami'ar KNUST ta Kumasi, ta zo gida da wani ƙaton littafi na tarihin zanen Turawa ina ta buɗawa. A farko-farko sai ka ga mutum kamar zai yi maka magana har jijiyar hannu an fitar, kana zuwa ƙarshe kuma ido a gefen kunne, hanci a karkace, wai kuma shi ne mai tsada. Hannun ne ya mutu ko wayo ne?

Tican Asawase:
Hannu bai mutu ba ɗan'uwa, kyamara ce ta ƙwace musu kasuwa. Girkawa tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suke sassaƙa jikin mutum daidai wa daida, Rumawa suka kwaikwaye su, da coci ta karɓi ragama sai zane ya zama a baje, waliyyai a kan ruwan zinariya babu nesa babu kusa. Sai wajen 1420 a Fulorans ta Italiya Brunelleschi ya fito da lissafin da ke sa abu na nesa ya ƙanƙance, bango ya yi zurfi. Daga nan gasa ta tashi, Michelangelo ya kwashe 1508 zuwa 1512 yana kan katako yana zana rufin ɗakin ibada na Sistine, kuma fafaroma da sarakuna da attajirai ne ke biya. To a 1839 Daguerre ya fito da hoto a Faransa, wa zai ƙara zama sati-sati a gaban mai zane don a fitar masa da kamanni? Dole suka nemi abin da kyamara ba ta iyawa, haske, launi, abin da ke zuciya.

Malamin Zaure:
Tica ka tsallake Ibnul Haisam, masanin kimiyyar nan Balarabe. Kitabul Manazir ɗinsa da aka juya zuwa Latin ya taimaka musu sosai wajen gane yadda ido ke gani.

Yar Sabon Zango:
Yaya, mai ido a gefen kunnen nan Picasso ne ko? Nemi zanen da ya yi yana ɗan shekara 15, tsaf kamar hoto. Da gangan ya watsar, bayan ya ga fuskokin katako na Afirka a gidan tarihi a Faris wajen 1907. Abin da ke ban haushi kenan, namu suna kiransa kayan tsafi, nasu ya kwafa ya zama gwani. Kuma 1874 da su Monet suka yi baje kolinsu na farko, shekarar ce sojan Ingila suka ƙone Kumasi suka kwashe zinaren Asantehene sarkin Ashanti, wasu ma sai 2024 aka dawo da su fadarsa ta Manhyia, wai aro!

Ɗan Aboabo:
Kai, maganar kyamara ta shige ni, mu ma masu firinta sun gama da mu, kowa banar talla yake bugawa yanzu. Amma wanda ya kai tukunyar fitsari baje kolin zane a 1917 fa, Duchamp yake ko wa? Wannan kam ban yarda ba ko da tsiya.

Tican Asawase:
Hhh ni ma ban saye shi ba. Amma El Anatsui, mai fasahar nan ɗan Ghana, a nan Kumasi ya yi karatu, da murafun kwalba yake ɗinka manyan labule, a 2023 ya cika babban zauren gidan baje kolin zane na Tate Modern a Landan da su. Ka sa ƙanwar taka ta nuna maka hotunan a waya, ka zo mu ci gaba da musun.