An yi min kutse a shafin shagona, imel ɗina ma ya rikice, dan Allah a taimaka

Mai_Shadda_Kwari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun jiya ban runtsa ba. Ina da ɗan shafi da nake sayar da shadda da atamfa da leshi a kai, WordPress ne, wato manhajar haɗa shafi, wani yaro ya haɗa min shekara uku da suka wuce na biya shi ya kama gabansa, yanzu ko lambarsa ba ta shiga. Ranar Talata wata kwastoma ta kira ni daga Abuja wai ta danna shafin a waya ya jefa ta shafin caca, ni kuma na buɗe a kwamfutata lafiya lau, na ce mata ƙila wayarta ce. Jiya sai ga Chrome ya fito da jan allo yana gargaɗin kar a shiga. Abin da ya fi ɗaga min hankali, wani da muka daɗe muna hulɗa ya turo min hoton imel da sunana da komai, wai na canza lambar asusu a tura kuɗin kaya can. Allah ya sa ya kira ni kafin ya tura. Shi yaron da ya haɗa ya nuna min kwaɗon nan na saman adireshi, ya ce in dai akwai shi ba mai iya taɓa shafin. To ta ina suka shigo? Na canza kalmar sirri, ya wadatar ko da saura?

Dan_Zongo

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare gaba. Ni shawarata ka goge shi kawai ka koma WhatsApp da Instagram, ciwon kai ne wannan harkar.

Mai_Gadin_Saba

Dan_Zongo haba, ai ba a rushe shago don ɓarawo ya shiga, gyara ƙofa ake yi. Kuma Instagram ɗin ma kullum sace shi ake.

Alhaji sannu da wannan. Batun kwaɗo tukuna, yaron nan bai gaya maka daidai ba. Aikin kwaɗon shi ne ya rufe abin da ke wucewa tsakanin wayar kwastoma da sabarka, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kai, don kar wani a hanya ya karanta, iyakarsa ke nan, bai san abin da ke cikin sabar ba. Kyauta ma ake samunsa daga Let's Encrypt, 'yan damfara su ma suna sa shi a shafukansu, shi ya sa Chrome ya cire alamar a 2023 saboda mutane sun ɗauke ta shaidar aminci.

Tambayata, tim ɗin shafin, wato rigar da aka sa masa, da fulogin ɗin da ke ciki, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, saye aka yi ko irin na kuɗin nan ne da ake saukewa kyauta a wasu shafuka? Don yawancin waɗanda na gyara wa irin wannan matsalar nan ne bakin zaren, yaro ya karɓi kuɗin tim ya je ya sauko da na sata, shi kuma na satar tun daga can an dasa masa ƙofar baya, kai da hannunka ka shigo da ɓarawo ɗaki. In ba haka ba to tsohon fulogin ne da ba a sabunta ba. Kuma kar ka ɗauka wani ne ya zauna yana nemanka kai Alhaji, manhaja ce ke yawo dare da rana tana ƙwanƙwasa duk shafin da ta tarar, WordPress kuwa sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, dole a fi farautarsa. Wanda ya fi ka ƙarfi ma sakacin sabuntawa ya kayar da shi, kamfanin Equifax mai tattara bayanan bashi a Amurka, a 2017 bayanan mutum kusan miliyan 147 aka kwashe ta wata kafa da an riga an fitar da maganinta tun watanni kafin nan, ba su sa ba.

Dalilin da ka ga lafiya a kwamfutarka kuwa da gangan ne, suna rubuta shi ya ƙyale wanda ya shiga a matsayin mai shafi, ya kama na waya ko wanda ya biyo ta Google, don ka daɗe ba ka farga ba.

Canza kalmar sirri kaɗai ba ya fitar da su. Ka fara sauke kwafin komai ka ajiye gefe, fayiloli da rumbun bayanan. Sai a share WordPress ɗin da tim da fulogin duka a sa sababbi daga asalin inda suke, hotunan kayanka kawai za a dawo da su, kuma a duba foldar uploads, duk fayil mai .php da ka gani a ciki ba naka ba ne, hoto ake ajiyewa a can. A leƙa fayilolin saitin shafin, .htaccess da wp-config.php, a duba jerin masu admin ko akwai sunan da ba ka sani ba, sannan a cPanel, wato inda ake sarrafa sabar, a duba cron, jadawalin ayyukan da sabar ke yi da kanta, don suna sa aikin da zai dawo da ƙazantar bayan ka share, mutum ya yi ta shara tana dawowa har ya fara zargin aljanu. Bayan duk wannan ne za ka canza kalmomin sirri, na cPanel, na FTP da ake ɗora fayiloli da shi, na rumbun bayanai, na admin, kowanne daban. In an gama ka shiga Google Search Console ka nemi su sake dubawa su cire jan allon.

Yar_Katsina_IT

Yaya Mai_Gadin_Saba ya gama da shafi, amma ni imel ɗin ne ya fi ba ni tsoro don nan kuɗi yake. Abu biyu ne zai yiwu. Ko dai sun shiga akwatinka da gaske, ko kuma daga waje suka aika suka manna adireshinka, don tsarin imel tun asalinsa ba ya tambayar mai aikawa shaida, kamar ambulan ne kowa zai iya rubuta sunan da ya so a bayansa. Tunda sun san wanda kake bi kuɗi da lokacin da zai biya, ni na fi zargin na farko, suna karanta wasiƙunka.

Alhaji ka shiga cPanel wajen Forwarders da Filters yanzu yanzu, ba gobe ba. Suna sa doka a ɓoye duk saƙon da ya shigo a tura musu kwafi, ka canza kalmar sirri sau goma tana nan tana aiki. Sannan a sa maka SPF da DKIM da DMARC a domen ɗinka, wato sunan shafinka. SPF jerin sabobin da ka yarda su aika saƙo da sunanka ne, DKIM hatimi ne a jikin kowane saƙo, DMARC kuma shi ke gaya wa Gmail da sauransu abin da za su yi da wanda ya faɗi jarrabawar. A fara saita DMARC ɗin a p=none, wato kar a taɓa saƙon, ana kallon rahoto, in ka tabbata naka na wucewa sai a ɗaga zuwa reject, wato a ƙi karɓa, in ka yi gaggawa naka na halal ma zai dinga dawowa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara kan wannan, saƙon da ba shi da ko ɗaya sifam yake faɗawa ko a ƙi karɓarsa. Ka sa adireshin sabarka a shafin MXToolbox ka ga ko Spamhaus, masu tara sunayen masu aika sifam, sun saka ka a baƙin littafi.

Kuma dan Allah ka kira manyan kwastomominka da baki ka ce musu lambar asusunka ba ta canza ba, kar ka tura ta imel ɗin.

Mai_Shadda_Kwari

Innalillahi. Hajiya wallahi na duba, akwai wani adireshin Gmail a Forwarders da ban taɓa gani ba, na goge shi. Admin kuma uku na tarar, ni ɗaya na sani. Tim ɗin ma babu lasisi, kuma na tuna sarai na ba da kuɗinsa daban. Allah ya isa dai. Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Mai_Gadin_Saba

Amin Alhaji. Da ka ɗauki hoton adireshin kafin ka goge, amma ba komai, masu hostin ɗinka, wato kamfanin da ya ba ka hayar sabar, suna da tarihin shige da fice, ka roƙe su su ba ka kafin ya goge da kansa. Tunda akwai sunaye da lambobin waya da adireshin kwastomomi a shafin, ka san dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a sanar da hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, cikin awa 72 in satar za ta iya cutar da masu bayanan, kar ka yi wasa da wannan.

In an tsaftace ka kunna shiga mai mataki biyu a admin da cPanel, da manhaja irin Google Authenticator, ya fi na saƙon tes ɗin waya. Kwafin ajiya kuma duk sati, a wani wuri daban ba cikin sabar ba. Wane PHP kake kai, wato yaren da WordPress ke aiki da shi? In 7.4 ne tun Nuwamban 2022 aka daina yi masa gyara, ka duba ka gaya min kafin a fara sa sabon tim.